Fasahar dijital da yawan aiki a kamfanonin sadarwa na Najeriya

A harkar sadarwa, ana auna ƙwazon kamfani ne da yawan layuka, kira da data da yake iya ɗauka idan aka kwatanta da ma'aikata da kuɗin da ya zuba. Najeriya na daga cikin ƙasashen da wannan ma'auni ya sauya cikin ɗan lokaci.

Kafin 2001, kamfanin gwamnati NITEL, wanda aka kafa a 1985, shi ke riƙe da harkar, kuma layukan ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Kowane sabon layi sai an ja masa waya har gida, mai nema kuwa ya yi ta zarya wata da watanni. A Janairun 2001 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula ta GSM kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet (wanda yanzu shi ne Airtel) suka fara aiki a watan Agusta. Turken sadarwa guda ya zama yana ɗaukar unguwa sukutum. Da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa, dole sauran suka bi sahu, domin na'urar lissafi ta kwamfuta ta sa hakan ya yiwu.

Sauyin ya fi fitowa fili a wajen sayar da kati. A da sai an buga katin, an yi jigilarsa zuwa dillalai, sannan mai saye ya kankare shi da farce ko kwabo a gindin laimar mai kati. Yanzu ana iya tura kuɗin daga asusun banki kai tsaye. Ba takarda, ba mota, ba sito. Tun 2023 gajerun lambobin da ake dannawa ma iri ɗaya ne a duk layuka, kamar *310# don duba kuɗi.

Sai dai alƙaluman na iya yaudara. A 2014 MTN ya miƙa dubban turakunsa ga IHS, Airtel kuma ya sayar wa American Tower nasa, dukansu kamfanoni ne masu kula da turakun sadarwa. Aikin bai ɓace ba, ya koma hannun wasu ne, sai kamfanin ya zama kamar yana yin abu mai yawa da mutane kaɗan.

Ribar kuma tana zurarewa ta inda manhaja ba ta da iko. Yawancin turaku da janareta suke kwana saboda rashin wuta, masu aikin titi na yawan tsinke wayoyin ƙarƙashin ƙasa, ga satar batura. Tsadar dizal da faɗuwar naira na cikin dalilan da suka sa NCC ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.