Neman Gidan Haya Mai Sauƙi a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa haya ta yi wa mai ƙaramin ƙarfi tsada a Zariya?

Zariya gari ne na ɗalibai da ma'aikata. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Samaru da Kongo suke cika da masu neman ɗaki, ga kuma ma'aikatan asibitin koyarwa na Shika da ɗaliban Kwalejin Nuhu Bamalli. Mai gida yakan fi son ɗalibai uku da za su haɗa kuɗi su biya nan take a kan magidanci mai ƙaramin albashi. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, siminti da kwano da rodi sun ƙara tsada, kuma a ƙarshe ɗan haya ne yake biyan bambancin.

Shin tsadar ce kawai matsalar?

A ganina, abin da ya fi karya talaka shi ne biyan kuɗin shekara a dunƙule, sannan a ɗora masa la'adar dillali. Lebura ko ɗan acaɓa kullum yake samun nasa kaɗan-kaɗan, don haka zai iya biyan wata-wata ba tare da ya ci bashi ko ya sayar da kayan ɗakin matarsa ba. Masu gidajen da suka yarda da wannan tsari suna yin babban taimako, inda kuma ba a yarda ba, adashi ne yake ceton mutane da yawa.

Komawa bayan gari ya fi arha?

Ba kullum ba. A lissafa kuɗin mota zuwa kasuwar Sabon Gari ko wurin aiki, da abin da za a riƙa bai wa 'yan garuwa idan gidan babu rijiya.

Mai gida zai iya korar ɗan haya dare ɗaya?

Doka ba ta ba shi wannan dama ba. Idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, abin da aka saba bi shi ne notis na wata shida ga mai biyan shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, kuma kotu ce kaɗai take da ikon fitar da mutum. Shi ya sa ya kamata a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a kuma karɓi rasit duk lokacin da aka biya, ko da mai gidan ɗan uwa ne.