Dashen ɓargo: ba fasa ƙashi ake ba, ba kuma laka ake taɓawa ba

Nan Damagaram in ka ce ɓargo, hankalin mutum sai ya tafi wajen mahauta na kasuwar Dole, sara ƙashi da gatari a tsotse. Shi ya sa da an ce ma wani ya ba ƙanenshi mai kansar kaluluwa ɓargo sai tsohuwa ta ce a'a wallahi, kar a nakasa mata ɗa na biyu.

To ba haka ba ne. Laka daban, ɓargo daban. Daga ƙashin ƙugu ta baya ake zuƙo shi da allura, mutum na barci ba ya jin komi, kuma cikin 'yan makonni jiki ya mayar da abin da aka ɗiba. Yanzu ma galibi ba a kai ga ƙashin, allura ce ake ma mai badawa kwana 4 ko 5, ƙwayoyin ɓargon masu haifar da jini su fito cikin jini, inji ya tace su ya mayar mishi da jininshi ta ɗayan hannun, ya tashi ya koma gida.

Wanda ke shan wuya shi ne marar lafiyar, don sabon ɓargon da ke kai ma kansar hari yana iya juyowa kan fatarshi da hanji da hanta.

Kuma ba wai don uwa ɗaya uba ɗaya shi ke nan an dace ba, kowane ɗan'uwa damarshi 1 cikin 4 ce, gwajin HLA ke faɗi, wato gwajin wasu alamomi na ƙwayoyin jiki da ake gadowa wajen iyaye, rukunin jini ko ya bambanta ana yi.