Batirin Bolt 12 Da Ya Nuna 12 Bai Cika Ba

A shagunan sola na Katsina, mai saye kan ɗora mitar awon wuta kan batir, ya ga 12 cif, ya ce ya cika. Ba haka ba ne. Lambar jikinsa sunan rukuninsa ce kawai. Batir mai ruwa, in ya cika ya huta 'yan awoyi, babu caji babu jan wuta, 12.6 zuwa 12.7 yake nunawa. In ya sauko 12.0, fiye da rabi ya tafi, barinsa haka kuma yana kashe farantan dalmar da ke cikinsa. Lokacin caji kuwa, 14.4 ba abin tsoro ba ne.

Resista ma, ɗan ƙaramin abin da ke rage gudun wuta a cikin na'ura, ba lallai ta nuna lambarta cif ba. Mai zobe launin zinariya an yi mata sassaucin kashi 5 cikin ɗari: mai om 1000 (om ne ma'auninta) in ta nuna 960, lafiyarta ƙalau. A dai ɗaga ƙafarta ɗaya daga allon na'urar kafin awo.