Ƙungiyar Besbol ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya

Ƙungiyar besbol ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda aka fi sani da USC Trojans, tana birnin Los Anjeles na Amurka, kuma ita ce ta fi kowace jami'a lashe kofin ƙasa na wannan wasa da ake yi da sanda da ƙaramar ƙwallo. Sau 12 ta ɗauki kofin. Na farkonsu ta same shi ne a 1948 bayan ta doke Jami'ar Yale, wadda cikin 'yan wasanta har da George H. W. Bush, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka.

Ba a raba tarihin ƙungiyar da Rod Dedeaux, wanda ya horar da ita daga 1942 zuwa 1986. Da farko tare suke jan ragamarta da Sam Barry, kuma su biyun suka ci kofin 1948, amma bayan rasuwar Barry a 1950 aikin ya koma hannun Dedeaux shi kaɗai. Ya ƙara kofuna a 1958 da 1961 da 1963 da 1968, sannan ya jera biyar daga 1970 zuwa 1974, alhali babu wata jami'a da ta taɓa wuce biyu a jere. Na ƙarshensa ya zo a 1978. Mutumin yana da kamfanin motocin dakon kaya da yake samun abin masarufi da shi, shi ya sa albashin da yake karɓa daga jami'ar bai wuce na jeka-na-yi-ka ba. Filin wasan ƙungiyar, wanda aka buɗe a 1974, sunansa aka sa masa.

Wasan da aka fi tunawa da shi a wancan zamani shi ne na 1973 a birnin Omaha, inda ake buga zagayen ƙarshe na gasar tun 1950. Jami'ar Minesota tana gaba da maki 7 da nema har zuwa zagaye na tara, wato na ƙarshe, kuma mai jefa mata ƙwallo, Dave Winfield, ya hana 'yan USC sakat tun farkon wasan. A wannan zagaye guda suka ci maki 8, suka wuce, suka kuma ɗauki kofin shekarar.

Bayan Dedeaux sai Mike Gillespie, wanda shi ma ɗan wasan ƙungiyar ne lokacin da ta yi nasara a 1961. A ƙarƙashinsa aka ci kofi na 12 a 1998, a wasan da USC ta doke Jami'ar Jihar Arizona da maki 21 da 14, yawan makin da ba kasafai ake gani a wasan ƙarshe ba. Daga farkon ƙarni na 21 tauraruwarta ta dusashe, ƙarfin gasar kuma ya karkata zuwa jami'o'in kudu maso gabashin ƙasar, musamman Jami'ar Jihar Luwiziyana.

Fitattun 'yan wasan da suka fito daga ƙungiyar suka shiga babbar gasar ƙwararru sun haɗa da Tom Seaver da Randy Johnson, waɗanda ake lissafa su cikin gwanayen jifa na kowane zamani, da Fred Lynn da Mark McGwire da Barry Zito. A 2024 jami'ar ta bar rukunin gasar wasannin jami'o'i na Pac-12 na yammacin ƙasar ta koma rukunin Big Ten.