Mece ce "kalmar birki", kuma wa take iya karewa?

A zaurukan WhatsApp da Telegram na matan aure a Kano, inda da can hirar ba ta wuce gumba da tsumi da turaren tsuguno ba, yanzu wasu haruffa huɗu sun fara yawo: BDSM. Daga finafinan waje da littattafan waya aka tsinto su. A taƙaice suna nufin wasan shimfiɗa tsakanin manya biyu da suka shirya cewa ɗaya zai riƙe iko, ɗaya ya miƙa wuya, wani lokaci har da ɗauri ko duka. Hukuncin abin a addini na malamai ne. Ni abin da ya tsaya mini shi ne yarinyar da aka kai ɗaki wata uku da suka wuce, ko bazawarar da aka jefa wani zaure jiya, aka ce mata ai wannan ne wayewa, amma ba wanda ya gaya mata cewa su kansu masu abin a ƙasashensu sun gindaya masa sharuɗɗa, kuma na farko a ciki shi ne kalmar birki.

Kalma ce da mutum biyu ke ajiyewa tun ana zaune da kaya a jiki, hankali kwance. Duk wanda ya furta ta, komai ya tsaya nan take, babu "saura kaɗan", babu "haba ke kuwa". Akan zaɓi wadda ba ta da alaƙa da shimfiɗa ko kusa, misali "kujera" ko "lemo", saboda "bari" da "daina" na iya fitowa cikin wasa har a rasa gane na gaske. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne tsarin fitilar titi: kore a ci gaba, ruwan ɗorawa a sassauta, ja a tsaya cak. Idan baki ba zai samu damar magana ba, sai a riƙe makulli a hannu, sakinsa ƙasa shi ne birkin.

Ba ita kaɗai ba ce. A 1983 wata ƙungiyar masu wannan wasa a birnin New York ta fito da take mai sharaɗi uku: a kiyaye lafiya, a kasance cikin hayyaci, a samu yarda. Wajen 1999 wasu suka ce wannan bai isa ba, tunda babu wasan irin wannan da ba shi da haɗari, gara a ce kowa ya san haɗarin dalla-dalla kafin ya amince. A kan haka suka gina yadda suke karɓar baƙo. Haɗuwar farko a gidan abinci ake yin ta, cikin jama'a, da tufafin yau da kullum. Ana bin diddigin mutum wurin waɗanda suka taɓa hulɗa da shi. Sabuwar shiga takan sanar da ƙawarta inda za ta da lokacin da za ta kira, idan shiru ya yi yawa ƙawar ta nemi agaji. A wuraren taronsu akwai masu sa ido da ke da ikon dakatar da kowa. Kuma ba a karɓar yardar wanda ya bugu.

Duk da wannan shiri, kukan da suka fi yi shi ne na masu farautar sababbi. Alamarsu ɗaya ce ko'ina: gaggawa, raba yarinya da masu ba ta shawara, da jumlar nan ta "mai biyayya ta gaskiya ba ta gindaya sharaɗi".

To ɗauko wannan ka kawo Kano, inda babu ko ɗaya daga cikin waɗancan matakan. Tun 2000 jihar ke aiki da shari'ar Musulunci a ɓangaren laifuka, an kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003, kuma duk hulɗar da ta fita daga igiyar aure laifi ce. Saboda haka komai a ɓoye ake yin sa, ɓoyon kuwa macuci ya fi yi wa rana. Ya san wadda ya cuta ba za ta kai ƙara ba, don tambayar farko da take tsoro ita ce "me ya kai ki?"

Ga yadda yakan faro. An saka ki a zaure mai suna irin na gyaran aure. Kwana biyu sai saƙo ya shigo ta bayan fage: "Ƙanwata, akwai wani zauren na manyan mata, amma sai mun tantance ke mace ce. Turo murya, da hoto babu mayafi, na buɗewa sau ɗaya." Ke kuma ki ce, "To Anti, don Allah kar kowa ya gani." Hoton da ke gogewa bayan an buɗe ba kariya ba ne, waya ta biyu kawai ake ɗorawa a ɗauke shi. Sau da yawa ma "Antin" namiji ne. Daga nan buƙata ta ƙaru, ranar da kika ce a'a sai a turo miki lambar mijinki ko ta yayanki, a ce zaɓi ya rage naki. A nan babu kalmar da za ta yi aiki, don tun farko ba wasa ake yi ba. Biyan kuɗi ba ya kashe maganar, ƙara wa mai barazana ƙarfin gwiwa yake yi. Abin yi shi ne a adana saƙonnin da lambar asusun da ya turo, a daina amsa shi, a gaya wa mutum ɗaya da aka amince da shi. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan barazana da tatsar kuɗi ta waya. Akwai kuma shafin StopNCII da aka buɗe a 2021 don masu shekara 18 zuwa sama: hoton ba ya barin wayarki, wata lambar shaida ake cirowa daga jikinsa a ba su Facebook da Instagram da TikTok don su tare shi idan an yi yunƙurin ɗorawa.

Cikin aure kuma matsalar ta fi wuyar gani. An rene mu a kan kunya, an raka amarya da "yi na yi, bari na bari". Yarinyar da ba ta iya kiran sunan mijinta, ta ina za ta iya ce masa "ja"? Sai ta cije, shi kuma ya ɗauka shirun daɗi ne. Shi ya sa nake ganin nauyin yana wuyan wanda ya fi ƙarfi da shekaru da sani. Shi zai tambaya da rana tsaka, ba sai an kashe fitila ba. Shi zai lura idan jiki ya sandare ko hawaye ya zubo, ya tsaya ko ba a furta komai ba. Birkin adaidaita sahu komai kyansa, idan direba bai ga damar takawa ba, fasinja ba ta da yadda za ta yi. Mijin da ya yi fushi ko ya ɗauke cefane don an ce masa a'a ya riga ya nuna ko wane ne shi. Kuma sadaki bai sayi lafiyar kowa ba: hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi kuwa, matar da ta tabbatar da cutarwa tana iya neman alƙali ya raba auren.

Akwai abu ɗaya da kalmar birki ba ta da amfani a kansa ko da a hannun mai amana, wato shaƙe wuya. Finafinan batsa sun mayar da shi kamar ba komai ba. Idan aka danne jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, cikin 'yan sakanni mutum zai iya sumewa, wanda ya suma kuwa ba ya magana, bai ma san makullin ya faɗi ba. Sau da yawa ba a ganin tabo a wuya, amma jijiya na iya tsagewa ta ciki, shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya bayan kwanaki. A Ingila, tun 1993 kotun ƙoli ta lokacin ta yanke cewa yardar wanda aka ji wa rauni a irin wannan wasa ba ta wanke wanda ya ji masa, dokar 2021 kuma ta rubuta hakan ƙarara, ta mayar da shaƙewa laifi mai zaman kansa. Ɗauri ma yana da nasa: igiyar da ta matse dantse na iya danne jijiya har hannu ya saki na makonni.

Duk wadda aka shaƙe, ta ji muryarta ta dishe, haɗiya na yi mata wuya, ganinta ya canza ko wani sashen jikinta ya yi nauyi, ta tafi asibiti a ranar, ta faɗa wa likita ainihin abin da ya faru, ba "na faɗi a banɗaki" ba, don da wannan bayanin zai san gwajin da zai rubuta. Wadda aka tilasta wa kuma, akwai cibiyar Waraka a cikin Asibitin Murtala, ana duba waɗanda aka ci wa zarafi kyauta kuma cikin sirri. Maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shan sa.