Wai Mene Ne "Dron", Kuma Ina Otojairo Ya Faɗa?

Tun daren 3 ga Disamba 2023, da jirgin soji mara matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, kalmar "dron" ta zauna daram a bakin mutanen Kaduna. A rediyo dron, a teburin mai shayi dron, ɗan siyasa ma in zai yi alƙawarin tsaro sai ya ce zai sayo dron. Ma'anarta ba wuya: jirgin da babu mutum a cikinsa, ana sarrafa shi daga ƙasa ko kwamfuta ta tuƙa shi. Iyakarta ke nan. Ba ta faɗi girmansa ba, ba ta faɗi yadda yake tashi ba, balle abin da ya ɗauko. Jirgin Tsaigumi da Rundunar Sojin Sama ta ƙaddamar a nan Kaduna a 2018 dron ne, na mai ɗaukar hoton biki mai farfela huɗu shi ma dron ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda faɗin kalmar ya sa aka daina duba abin da ke gaban ido. Matasan da ke harhaɗa ƙananan jiragen rimot su ne suka fi shan wannan, musamman mai otojairo, wato jirgin da ke da babbar farfela a sama mai kama da ta helikwafta. Da an hango farfela a saman jirgin, wannan ya ce helikwafta, wancan ya ce dron, kowa kuma da shawarar gyaransa.

To babbar farfelar otojairo ba inji ke juya ta ba idan jirgin yana sama. Injin ƙaramar farfela yake juyawa, ta gaba ko ta baya, ita ke tura jirgin. Iskar da ke bugowa ta ƙarƙashi ita ke wulwula ta saman, kamar fankar takardar da yara ke sokewa a tsinke su ruga da ita. Shi ya sa ba ya iya tsayawa cak a sama idan babu iska, kuma ko injin ya mutu, a hankali yake saukowa. Injiniyan Sifen, Juan de la Cierva, shi ya ƙirƙiro shi, aka fara tashinsa a 1923 kusa da Madrid, bayan na farkon sun yi ta kifewa gefe. Dalili kuwa, reshen farfelar da ke tafiya gaba ya fi mai komawa baya samun iska, sai ɗagawar ta rinjayi ɓangare guda. Sai Cierva ya sa wa kowane reshe maɓalli mai lilo a gindi, ya riƙa hawa da sauka da kansa.

Wannan matsalar tana nan a ɗan ƙaramin na rimot, inda ake amfani da siririn faranti mai lanƙwasa a madadin maɓallin. Wanda ya ɗauke shi helikwafta, in farantin ya tsage sai ya sa mai kauri "don ya yi ƙwari", ko ya ɗaga bakin reshen sama "don ya kama iska". Duk biyun ɓarna ne. Bakin reshen ɗan sunkuyar da shi ake yi ƙasa, in ba haka ba farfelar ba za ta ɗauki gudu ba. In reshe ɗaya ya karye aka liƙe, dole a daidaita nauyinsa da sauran, don ɗigon gam ma kan sa jirgin karkarwa. Shi kuma mai tunanin dron ne sai ya zaci zai miƙe sama tsaye, ya cilla shi tun farfela ba ta ɗauki gudu ba, ya tsince shi a kife. Fuskantar da shi iska ake yi, a ɗan ɗaga hancinsa, sai an ji farfelar na fito tana jan hannu tukuna a saki. Da hunturu abin ya fi sauƙi.

Shin dron ne? Bisa ma'anar, i mana, tunda ba kowa a ciki. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, tun 2016 ta ce ba a tashin jirgi mara matuƙi sai da izini, kuma wanda aka kama yana gwajin nasa kusa da sansanin sojin sama na Mando, ba wanda zai tsaya tambayarsa ko farfelar tana da inji.