Cocin St Ethelburga na Landan: tsoho ne ko sabo?

A ina yake?

Titin Bishopsgate, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Liverpool Street. Dogayen benaye sun sa shi a tsakiya, in ba ka lura ba sai ka wuce shi.

Me ya sa ƙarami ne haka?

Cocin unguwa ne, don mutanen 'yan lunguna kaɗan aka gina shi. Zaure ɗaya ne dogo, sai wani siriri a gefen kudu, jerin ginshiƙai ya raba su.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya rushe shi?

A'a. Na sha faɗa, a daina maimaita wannan. Gobarar Landan ta 1666 ba ta ci shi ba, ya kuma tsira daga ruwan bama-baman Jamus. Bam ɗin da IRA, ƙungiyar 'yan bindiga masu yaƙi da mulkin Birtaniya a Ireland ta Arewa, ta dasa a babbar mota ranar 24 ga Afrilu, 1993 ne ya kayar da mafi yawansa. An sake buɗe shi a 2002.

In na je, yaya zan bambance tsohon gini da sabo?

Nan ne sai an bi a hankali. Fuskar da ke kallon titi ta faɗi, an sake ta da ita bisa kamanninta na dā, har da 'yar hasumiyar ƙararrawa a sama. Amma an mayar da duwatsun da aka tsinto daga ɓaraguzai, don haka dutse na iya zama tsoho alhali jerin da aka yi masa sabo ne. Shiga ciki ka dubi ginshiƙan kudu da bakan gizon da ke kansu, masu tsini a sama. Su ba su faɗi ba, aikin ƙarni na 15 ne. Rufi sabo ne. Tagar gabas ma sabuwa ce, sai dai an saka gutsattsarin gilashin da ya farfashe a cikinta. Launin dutse da kaifin gefensa sukan taimaka, amma kada ka dogara da su kaɗai, don tsohon dutse in an wanke shi yakan yi fari. In ka rikice kada ka damu, masana ma sai sun matsa kusa.

To ai jabu ne ke nan?

Haba! Wanda katangarsa ta faɗi da damina ya sake cuɗa ƙasar ya ɗora, gidan ubansa ya zama jabu? An so a rushe ragowar, an kuma kawo tsarin yi masa fuskar gilashi, aka ƙi. Ni dai ina ganin an yi daidai.

Musulmi zai iya shiga?

Sosai. Yanzu cibiyar sulhu da zaman lafiya ce, a bayanta akwai tanti irin na Larabawan ƙauye inda mabiya addinai daban-daban ke zama su tattauna. John Rodwell, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Turanci a 1861, limamin wannan cocin ne a wancan lokacin.